Ranar da Jirgi Ya Shigo Ba Hayaƙi

Penlan, Pennsylvania
Satumba, 1913

Nesta ɗiyata,

Na taɓa jin wai akwai ƙasar da ake ganin kukan jirgin ƙasa da ido kafin kunne ya ji shi. Mahaifinki ne ya fara kawo mini wannan labari, shekarar da ya dawo daga aikin layin yamma, inda ya ce ƙasa shimfiɗe take kamar tebur, sama kuma wankakkiya. Wai kana tsaye daga nesa sai ka ga wani farin abu ya tsiro a kan jirgi kamar auduga ta buɗe, shiru, ba sauti. Sai ka gyara hula, ka haɗiye yawu, sannan kukan ya iso yana haki kamar wanda aka bari a baya. Na ce masa, "Yaya Gethin, ruwan can ne ke da ƙarfi ko giyarsu?" Ni da na ƙare ƙuruciyata a ƙarƙashin usur, na san in an ja igiya, da tururin da ƙarar tare suke fita. Daga baya wani mai tallar agogo ya maimaita mini. Shi ma ban yarda ba, don agogon da ke aljihunsa da wanda ke hannunsa ba su taɓa yarda da juna ba.

Kin ga tsufa, na fara da shirme na bar gaisuwa. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Tobias, ina gaida jikata Lowri. Ya tarin nata? Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ta fi fasto sanin ranar da za a yi ruwa. Ƙanenki Emlyn yana nan kan jirgin yamma, yana ba wa wuta kwal, yana cin abincin mutum biyu. Innarki jikinta da ƙarfi, kan ne ke yawo. Shekaranjiya ta kira ni da sunan wani mai gyaran takalmi da ya rasu tun kina goye. Jiya kuma ta gane ni sarai, har ta ce, "Ƙanen miji, kai dai ba ka da sana'a sai cin burodin mutane." Na ji daɗi, na ƙara yanka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ana ta raɗe-raɗi a tasha cewa kamfani zai kawo mana sababbin kawunan jirgi da ba sa hayaƙi, kuma ofishin da mijinki ke aiki ne ya tsara su. To, ki karanta masa abin da ke tafe a hankali. Mutumin kirki ne, amma ba ɗan kwarin nan ba ne.

Shekarar da aka haifi Emlyn zazzaɓi ya tafi da kunnen Innarki. Kafin nan, in mun gangaro da jirgin yamma muka iso lanƙwasar kogi, mahaifinki yakan ja mata usur, ta ji daga kicin ta ɗora tukunya. Da kunne ya tafi sai ya rasa ta inda zai gaishe ta. Ran nan ya ce da ni, "Idwal, jiƙa garin kwal ka cika shebur. In na ɗaga hannu, watsa." Na watsa. Wani baƙin dunƙule ya fito daga bututu kamar bijimi, ya je ya tsaya a kan kogi. Da muka hau gida muka tarar miya na tafasa. Tun daga ranar ni ke watsawa, shi ke shan yabo, ni ke shan ciwon baya. Sauran masu wuta suka gani suka ɗauka, har ya zama duk wanda ke da gida a kan tudu sai ya aika wa matarsa baƙar gaisuwa daga lanƙwasa.

Ɗaya ɓangaren ba wanda ya zauna ya shirya shi. Ranar da zuciyar mahaifinki ta tsaya, hannunsa a kan ƙarfen tuƙi, ni da mai birki muka ƙaraso da jirgin. Tun daga gada na kasa ɗaga shebur. Wuta ta yi ja, ta yi tsit, muka zagayo lanƙwasa sama fes. Kafin mu tsaya, Innarki na bakin tasha da baƙin mayafi. Ba wanda ya gaya mata. Daga nan ya zama al'ada: in an yi rashi a hanya, abokan aiki sukan shigo da jirgin ba hayaƙi, mata su gani daga tudu su sauko.

Ban ce komai ba fa. Labari kawai na ba Tobias.

Baffanki,
Idwal

Pittsburgh
Oktoba, 1913

Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ka gaida Inna, ka riƙe mini hannunta ka matse sau biyu, ta san ni ce. Emlyn kuma ka ce masa ya rage ci.

Na karanta wa Tobias. Ya ce labari ne mai kyau. Ni kuwa raina ya ɗan sosu, don na san ka, Baffa. In ka ce ba ka ce komai ba, to ka gama faɗa. Na ji kamar kana cewa mijina zai sace wa Inna gaisuwarta.

Ka tambayi tarin Lowri. Yana nan. In ta yi tari a hankici, abin da ke fita launin toka ne. Gidanmu na bayan wurin da ake juya jirage, akwai ranakun da muke kunna fitila da tsakar rana. Makon jiya na shanya zanen gado, tartsatsi ya huda mini shi kamar rariya. Maƙwabciyata ido ɗaya take kallon duniya da shi, wani ɗan garwashi ne ya faɗa mata tana ɗaukar shanya. Hayaƙin da yake gaisuwa a wurinku, mu nan shi muke shaƙa, shi muke ci a burodi.

Kuma abin ba sihiri ba ne. Tobias ya zana mini a kan tebur da yatsa. An gina wani rufi na bulo a cikin ɗakin wuta, lanƙwashe kamar baka, don hayaƙin ya zagaya ya daɗe cikin harshen wuta ya ƙone kafin ya sami hanyar fita. An sa raga ta tare tartsatsi. Sannan a koya wa masu wuta su riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, a kai a kai, su daina jibgawa. Ya ce hayaƙi kwal ne da ya gudu bai yi aikinsa ba. Na ce masa ashe danginmu ne, Baffa zai gane shi.

Abu mai sauƙi ne. Ku rubuta wa Inna a allonta tun jiragen ba su iso ba. Fasto ya sanar a coci. Mutanen Penlan ba yara ba ne.

Ɗiyarka,
Nesta

Penlan
Ƙarshen Oktoba, 1913

Nesta ɗiyata,

Ina gaishe ku duka. Na ji zancen hankicin Lowri, ya tsaya mini a rai. Allah ya ba ta lafiya. Maganar dangin kwal kuma na karɓa, na ajiye, zan rama.

Ranar Talata jirgin Emlyn ya shigo ba hayaƙi.

Bari in ba ki yadda aka yi tun daga farko, don abin ya fi kama da mafarki. Da yammar nan ina zaune a barandar Innarki ina ɓare mata wake. Rana ta kwanta a kan kogi. Sai na ga jirgi ya fito daga bayan itatuwa, baƙi, yana sheƙi, yana gangarowa a hankali, ba komai a kansa sai wata iska mai rawa kamar ta saman murhu. Kin san na san labarin bulo da raga, ke kika rubuto mini. Fasto ya sanar ranar Lahadi. Na rubuta wa Innarki a allo, ta karanta ta gyaɗa kai. Duk da haka, ɗiyata, sai na ga kwanon wake a ƙasa, ni kuma a tsaye, hulata a hannu.

Na duba tudu. Ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Mata na fitowa ba mai magana, wata da gari a hannu, wata da jariri, suna gangarawa kamar masu tafiya cikin barci. Duk sun ji sanarwar fasto. Ƙafafunsu ne ba su ji ba. Innarki ta wuce ni da baƙin mayafin nan, ban ma san tana da shi har yanzu ba.

Muka taru a tasha. Jirgi ya tsaya. Sai ga Emlyn ya diro, fuska baƙi ƙirin da ƙurar kwal, haƙora a waje, ya dube mu ya ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Blodwen matar direbansa Mostyn ta ce, "Kai ne, ɗan banza! Kai ko wancan tsohon kwanon!" Ta cire ƙyallen gabanta ta shiga jibgar mijinta da shi. Mostyn yana karewa yana cewa, "Mata, ki yi haƙuri, ban mutu ba, amma in kin matsa zan duba." Aka fashe da dariya, wasu suna dariya suna share hawaye. Har aka sayi giya.

Innarki ba ta yi dariya ba. Ta kama fuskar Emlyn da hannu biyu, ta shafa kunnuwansa, ta ƙirga yatsunsa kamar ranar da aka haife shi. Muka hau gida, ta ba shi abinci, ta zauna tana kallonsa har ya cinye. Na ce shi ke nan, an wuce wurin.

Washegari jirgi ya zagayo lanƙwasa sama fes. Sauran mata suka leƙo, suka koma ga tukwanensu. Innarki ta ɗauko mayafi. Na tare ta da allo, na rubuta, Emlyn na nan lafiya, sabon jirgi ne. Ta karanta ta dube ni da tausayi, ta ce, "Idwal, kai ma ka san abin da muka gani." Ta gangara. Haka ranar Alhamis. Haka jiya. Abin da aka rubuta a allo ba ya kwana a kanta, abin da ta gani shekara ashirin da wani abu da suka wuce yana nan daram. Kullum da yamma ɗanta yana mutuwa, kullum kafin duhu a dawo mata da shi, gobe a sake.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Dutsen da ke tsallaken kogi ma ya fara fitowa, ashe ja ne da ruwan ɗorawa a wannan wata. Ni da na ɗauka launin toka aka halicce shi.

Baffanki,
Idwal

Pittsburgh
Nuwamba, 1913

Baffa,

Ina gaishe ka, amma da ƙyar. Ka san abin da ka yi mini? Na buɗe wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofa, idona ya sauka kan layin nan na ranar Talata, ban ƙara ganin komai ba. Tobias ya dawo ya same ni zaune a ƙasa, takarda a cinya, ban karanta sauran ba. Shi ya ɗauka ya karanta, ya girgiza ni yana cewa, "Yana raye! Ga shi nan yana tambayar wa ya mutu!" Ni, Baffa. Ni da aka zana wa bakan bulo a kan teburina. Don Allah in za ka ba da labarin mai rai, ka fara da cewa yana raye, sannan ka kawo wake da faɗuwar rana.

Na janye abin da na ce, cewa abu ne mai sauƙi. Ni ɗan lokaci kaɗan na zauna a ƙasan nan. Inna kuma kullum.

Ba za a iya rufe labule a lokacin ba? Ko a kai ta ɗakin baya? Ko Blodwen ta zo ta ɗauke mata hankali da saƙa? Ka rubuto da wuri. Tana cin abinci?

Nesta

Penlan
Tsakiyar Nuwamba, 1913

Nesta ɗiyata,

Kowa yana raye. Kin ga na koyi darasi. Ina gaishe ku, ina neman afuwa. Kakarmu ce ta koya mana ba da labari, ita kuwa in za ta gaya miki gida na ci da wuta, daga ranar da aka sari katakon za ta fara.

Labule mun gwada. Innarki ba ta ji, amma ƙasan gidan na gaya mata jirgi ya taho, ta tafin ƙafa take sani. In an rufe labule ta buɗe, in an kai ta ɗakin baya ta fito. Blodwen ta zo da saƙa, ta ƙare da raka ta tasha. Abinci kuwa sai Emlyn ya dawo take taɓawa, shi ma kaɗan. Zobenta ya fara zamewa, na ɗaura masa zare. Ƙanƙara ta fara sauka, hanyar tudu ta yi santsi. Ranar Asabar ta faɗi wajen rijiyar Blodwen, ta ƙuje gwiwa da tafin hannu. Ta tashi ta ci gaba da gangarawa, jini na ɗiga a kan farar ƙasa.

Emlyn ya ga hannun. Ranar Litinin, da suka iso lanƙwasa, sai ga baƙin bijimin nan ya tashi ya tsaya a kan kogi. Ɗiyata, da kin ga Innarki. Ta tafa hannu, ta juya ta ce mini, "Tashi daga hanya, malalaci, mutane na tafe da yunwa." Ta yi miyar albasa da dankali, tana waƙa ba kan gado, ta ci kwano guda.

Amma kamfani ya ajiye sufeton hayaƙi a kan gada, wani siriri mai riƙe da kati yana gwada baƙin sama da shi. Ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. An kira Emlyn ofis. An ce wannan gargaɗi ne, in ya sake, ya ajiye shebur. Kin san a kwarin nan in ba jirgi sai ramin kwal, ramin da ya cinye ƙirjin kakanku. Na ce masa kada ya sake. Ya ce, "Baffa, in na ga ta fito da mayafin nan daga lanƙwasa, hannuna ba ya tambayata." Ashe yanzu da sama ta washe yana hango barandar daga kan jirgi.

To ga abin da ban so in rubuta ba. Sufeton nan a ƙarƙashin ofishin mijinki yake. Shebur ɗaya ne a yini, a wuri ɗaya, a kan kogin da ba mai shanya. Ba zai yiwu mutumin ya riƙa duba takalminsa a daidai lokacin ba? Ki tambaya mini. In ba zai yiwu ba, ki ce ba zai yiwu ba, ba zan ji haushi ba.

Baffanki,
Idwal

Penlan
Disamba, 1913

Nesta,

Kowa yana raye. Ina gaishe ku.

Shiru ya yi yawa. Kullum ina zuwa gidan waya, har mai rabon wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa don ya rage mini tafiya. In roƙon da na yi ne ya ɓata muku rai, na janye shi. Bai kamata in sa ki tsakanin mijinki da uwarki ba.

Emlyn bai sake ba tukuna. Mostyn ne ke zaune a kan buhun garin kwal tun daga gada, ya ce in yaron na so sai ya ɗaga shi tukun. Innarki yanzu ba ta iya kaiwa tasha. Takan tsaya a bakin shinge da mayafi, dusar ƙanƙara na taruwa a kafaɗarta, ni kuma ina tsaye kusa da ita riƙe da allon da ba ya amfani. Jiya ta ce mini, "Me ya sa ba sa gajiya da kawo mini shi?"

Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko na zagi.

Baffanki,
Idwal

Pittsburgh
Ƙarshen Disamba, 1913

Baffa,

Kowa yana raye, mu ma. Ina gaishe ka, kuma ba fushi na yi ba. Ƙirjin Lowri ne ya kama sosai, har muka fid da rai. Ta farfaɗo. Likita ya ce a fitar da ita daga unguwar nan, sai muka tafi gonar yayar Tobias, can kan tudu bayan gari. Wasiƙunka biyu a ƙarƙashin ƙofa na same su da muka leƙo gida.

Na tambayi Tobias. Ya ce a'a. Ya ce in ya sa mutum ɗaya ya duba takalminsa a Penlan, gobe kowane mai wuta yana da uwa a kan tudu, kuma a ƙarshen kowane layi akwai wata Lowri. Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Amma ni na riƙe kwanon da take tari a ciki, Baffa. Ban iya cewa ya yi kuskure ba.

Yanzu ka saurara, kada ka yi mini gardama. A gonar nan akwai layin dogo can ƙasa, da nisa, kamar daga barandar Inna zuwa lanƙwasa. Wata safiya mai sanyi ina shanya, sai ga jirgi, irin sababbin nan. Na ga wani farin abu ya tashi a kansa, tsaye, siriri, ya buɗe a sama. Shiru. Na ce a raina, mene ne wannan? Sai da na sunkuya na ɗauki wata riga sannan kukan ya iso. Na saki rigar a cikin dusar ƙanƙara. Baba bai sha komai ba, Baffa. Da gaske ne. Tobias ya ce sauti tafiya yake yi, haske kuwa kafin ka ce me ya iso. Ya ce a Penlan ma haka yake tun fil azal, hayaƙinku ne ya rufe shi. Ya kuma ce ba dokar da ta hana busa usur a lanƙwasa, dokar ma cewa ta yi a busa.

Ina tuna Inna tun tana ji. Ina ƙarama, tana murza ƙullun burodi, sai jirgi ya yi kuka, ta tsaya, ta buga yatsa a kan tebur tana bin sa, kunnuwanta su yi ja. Busar Baba daban take da ta kowa, amma na manta yadda take. Kai kana gefensa. Wannan busar ta riga baƙin hayaƙi shiga kanta. In sabon abu ba ya kwana, wataƙila tsohon yana nan a ƙasa.

Ka gwada. In bai yi ba, zan zo in ɗauke ta, ko tana so ko ba ta so.

Ɗiyarka,
Nesta

Penlan
Janairu, 1914

Nesta ɗiyata,

Kowa yana raye. Ina gaida ke da Tobias, kin ga mutum mai taurin kai, ina son sa. Ki sumbaci Lowri, ki bar ta a gonar nan har ta yi kumatu.

Busar mahaifinki doguwa ɗaya ce, sai gajeru biyu, sai wata doguwa da yakan sassauta igiya a ƙarshenta ta yi kamar tambaya. Na sha jin ta har ta gundure ni. Na je na sami Mostyn da Emlyn a rumfar jirage na rera musu da baki. Mostyn ya ce, "Dattijo, wannan busa ce ko ciwon ciki?" Na ce ya bar yaron ya ja igiyar. Ya ce shekara talatin ba mai wutar da ya taɓa masa igiya. Blodwen ta aiko masa da saƙo ta bakina cewa in yana son ya ci gaba da cin abinci mai zafi, ya sake tunani. Ya sake.

Ban gaya wa Innarki komai ba, ban taɓa allo ba. Gaskiya ni kaina ban yarda ba. Na ce Nesta ta yi makonni ba barci, mai rashin barci kuwa yana ganin abubuwa.

Ranar farko gajimare ya sauko har kan kogi, ba mu ga ko jirgin ba. Na ji busar ita kaɗai tana yawo cikin farin hazo, muryar Yaya Gethin sak, sai da na dafa shinge. Innarki na gefena da mayafi, ba ta san an yi ba.

Rana ta biyu gari ya waye garau, sanyi kamar zai fasa haƙori. Da yamma sama ta yi shuɗi mai zurfi, dutsen tsallake fari fat, kogi ya daskare ya yi kamar hanyar da ba a taɓa takawa ba. Ta ji jirgin a ƙafarta, ta ɗauko mayafi, muka fita bakin shinge. Ya fito daga bayan itatuwa, ba komai a kansa. Na ji ta ja numfashi irin na kullum.

Sai wani farin abu ya tsiro.

Dogo, siriri, ya miƙe sama, rana ta kama shi ta gefe ya yi ruwan zinariya. Ya yanke. Sai ƙanana biyu, kamar an hura gashin tsuntsu daga tafin hannu. Sai wani dogon, da ya lanƙwashe a ƙarshe. Kuma shiru, ɗiyata. Kwarin nan gaba ɗaya shiru. Ina tsaye da kunnuwana biyu masu lafiya, ban ji komai ba.

Na dubi Innarki. Yatsanta na kan katakon shinge yana bugawa. Doguwa, gajeru biyu. Ta riga ta kai tsakiya kafin kukan ya hauro tudu ya same ni, yana haki, kamar wanda aka bari a baya.

Ta zame mayafin daga kanta ta miƙo mini kamar wani tsumma. Kunnuwanta sun yi ja, na ce sanyi ne. Ta ce, "Riƙe mini wannan. Mutumin nan ba ya da kunya, gari duk na ji." Ta juya ta nufi kicin.

Ban san wa take dafa wa ba, Gethin ko Emlyn. Da yaron ya shigo ta kira shi da sunansa, ta ce ya wanke wuya. Ban tsananta bincike ba. Yau kusan mako biyu ke nan. Ranar da hazo ya sauko muna shan wahala, ba zan ɓoye miki ba, amma sauran ranaku tana ci, na kwance zaren zoben. Mayafin yana cikin akwatina. Sufeto yana kan gadarsa yana duba sama, ba ya samun abin rubutawa, har ya fara ɗaga wa Emlyn hannu. Sauran masu wuta sun fara roƙon direbobinsu igiya, kowa na ƙirƙiro tasa busar. Fasto ya ce kwarin ya zama kasuwar tsuntsaye. Yadda za a sanar da rashi kuwa ba wanda ya tayar da zancen, ni ma ban tayar ba.

Jiya muna bakin shinge, farin ya tashi, ni kuma na karkata kai ina jiran sautin. Ta dube ni ta yi dariya. Ta ce, "Har yanzu bai iso maka ba? Ai ana ganinsa kafin a ji shi. Kullum kai ne na baya, ƙanen miji."

To, kin ji. Labarin nan mutum huɗu suka ba ni shi. Yayana ya faɗa na ce giya ce, mai agogo ya faɗa na ce talla ce, ke kika faɗa na ce rashin barci ne. Wadda ta faɗa mini daga ƙarshe, har na yarda, ita ce macen da rabonta da jin sauti tun haihuwar Emlyn: Marged, matar yayana, Innarki.

Baffanki,
Idwal